Wa Ya Zana Zuciyar da Ke Cikin Littafinka?



A shekarata ta farko an sa mu duba ƙwayoyin jini a madubin ƙara girma, mu zana abin da muka gani. Ni kuwa tun a ɗaki na kwafe zanen littafi tsaf. Malam ya leƙa madubin, ya dubi takardata, ya ce: "Yaro, wanga ba shi kag gani ba. Mai littafi yag gani, kai ko kak kwaikwaya." Biyu cikin goma ya ba ni. Wallahi ranar na ji haushi, amma daga baya na gano cewa irin laifin nan nawa ya daɗe yana ɓatar da manyan likitoci.

Hantar dabba a cikin mutum

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar ragon layya ya san hanta da huhu da ƙoda. To, ta wannan hanya Jalinusu, babban likitan Rum a ƙarni na 2, ya koyi jiki. Birai da aladu da shanu yake feɗewa, sai ya ɗora abin da ya gani a kan ɗan Adam. Ya ce muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne. Masu zane da suka bi koyarwarsa suka riƙa yi wa mutum hanta mai reshe biyar, irin ta wasu dabbobi. An fi shekara dubu ana karanta shi, ana kwafewa.

Malaman Musulmi sun gaji littattafansa, sun kuma ƙara zane. A kwafe-kwafen littafin Hunainu ɗan Is'haƙa na Bagadaza, wanda ya rasu a 873, akwai zanen sassan ido da ake lissafawa cikin mafi daɗewa a duniya. Zahrawi na Andalus ya zana kayan tiyata kusan 200 a littafinsa At-Tasrif. A ƙarshen ƙarni na 14, Mansur ɗan Iliyasu na Shiraz ya yi wa ƙasusuwa da tsoka da jijiyoyi zane mai cika shafi, har da mace mai juna biyu.

Amma wanda ya fi burge ni Abdullaɗif Albagadadi ne. Wajen shekarar 1200 an yi mummunar yunwa a Masar, ƙasusuwan mamata suka taru. Ya je ya duba da idonsa, ya tarar muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne tak. Ya rubuta haka, duk da girman Jalinusu a wajensa. Gani ya kori ji.

Da ɗab'i ya zo

Zanen hannu yana da wata matsala: duk mai kwafewa sai ya ɗan karkace, na bayansa ya ƙara. Ɗab'i ya yi maganin wannan. A 1543 Andreas Vesalius, malami a Jami'ar Padua ta Italiya, ya fitar da littafinsa kan ginin jikin mutum yana ɗan shekara 28. Shi da kansa yake feɗe gawa, masu zane suna zanawa, aka sassaƙa hotunan a kan katako aka buga, kowane kwafi ya fito iri ɗaya. Ga abin lura: a zanen da ya fitar a 1538, shi ma hanta mai reshe biyar ya sa. Sai da ya yarda da idonsa sannan ya gyara.

A 1858 littafin Gray ya fito a Ingila, da zanen Henry Vandyke Carter, wanda ya rubuta sunan kowane sashe a kan sashen. A 1895 aka gano hoton ƙashi. Duk da haka zane bai mutu ba, domin hoto yana kwaso komai, mai zane kuwa yana zaɓar abin da ɗalibi ke bukatar gani.

Mu fa a Sakkwato?

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubutu kan ciwon ido da basir, wato cututtukan da ke damun jama'arsa. Da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abin da Bello ya nema har da a turo masa likita. Baffansa Abdullahin Gwandu ma ya rubuta Masalihul Insan kan gyaran addini da lafiyar jiki. Mai son ganin rubuce-rubucen magabatanmu ya leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, ba nisa.

Su nasu mutanen suka duba. Mu kuwa buɗe littafinka ka gani: fatar wa aka zana? A 2021 wani matashi ɗan Najeriya, Chidiebere Ibe, ya zana jariri baƙar fata a cikin mahaifiyarsa. Zanen ya zagaye duniya, domin mutane da yawa ba su taɓa ganin irinsa ba. Wannan ba maganar ado ba ce fa. Littafi zai ce ƙurajen ƙyanda ja ne. A jikin yaron Gwadabawa ko Dange jan ba ya fitowa sosai, wani lokaci sai ka shafa ka ji gudajin. Ma'aikacin da ja kawai yake nema zai iya sallamar yaro ya koma gida ya sa wa ƙannensa.

Abin riƙewa

1. A ɗakin gwaji, zana abin da ke gabanka, ko da bai yi kyan na littafi ba. Ka kwatanta daga baya.
2. In naka ya saɓa da littafi, kada ka goge. Kira malam ya leƙa.
3. Duk zanen da ka samu, musamman a intanet, tambayi kanka: wa ya zana, me ya duba, jikin wa?
4. Masu hannun zane a cikinmu, ga fagen da ke neman mutane. Asibitocin ƙauyukanmu suna bukatar hotunan faɗakarwa masu kama da masu kallonsu, da bayani cikin Hausa.

Ni dai saura 'yan watanni in bar makaranta. Takardar nan mai biyu cikin goma tana nan cikin akwatina. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.