Yadda Ake Haɗa Ruwan Daidaita Tsami Domin Gwajin Zazzaɓin Cizon Sauro

Kafin a ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a madubin likita, sai an rina ɗigon jinin majinyaci da rinin Giemsa. Rinin nan kuwa ba ya kamawa sosai sai an sirka shi da ruwan da tsaminsa ya tsaya a kan 7.2 bisa ma'aunin pH. Idan tsami ya yi yawa, jinin zai yi ja fiye da kima, ƙwayar cutar ta dusashe. Idan kuma ruwan ya karkata wajen kanwa, kome sai ya rine shuɗi. Ta haka ne akan sallami yaro mai zazzaɓi a ce jininsa lafiya lau, alhali cutar tana nan.

Kowace uwargida ta san kanwa tana kashe tsamin yakuwa. Haka gishirin nan biyu suke aiki, ɗaya mai tsami, ɗaya mai ɗabi'ar kanwa, kowanne yana riƙe ɗan'uwansa. Ga lita 1, ana auna giram 0.7 na KH2PO4 da giram 1.0 na Na2HPO4 busasshe. A narkar da su cikin tataccen ruwan tururi kaɗan, sa'an nan a ƙara ruwa har ya kai layin lita 1. Ruwan rijiya ko na famfo ba ya yi.

Lissafin ba shi da wuya. Mai bukatar lita 5 sai ya riɓa sau 5, watau giram 3.5 da giram 5. Ƙaramin asibiti mai bukatar rabin lita sai ya auna giram 0.35 da giram 0.5.

Amma wajibi ne ma'aikaci ya karanta rubutun jikin kwalba, domin a nan akan yi kuskure. Akwai Na2HPO4 mai ɗauke da ruwa a cikinsa, wanda ake rubuta 12H2O a bayansa. Nauyin ƙwayarsa 358 ne, na busasshen kuwa 142. Idan an raba 358 da 142 za a sami kimanin 2.5, saboda haka giram 2.5 za a auna maimakon giram 1.0.

Bayan an haɗa, a gwada tsamin. In ya gaza 7.2, a ɗiga ruwan Na2HPO4 mai ƙarfin kashi 2 cikin 100. In ya wuce, a ɗiga na KH2PO4. A rubuta ranar haɗawa a jikin kwalbar, a ajiye ta a wuri mai sanyi, a kuma sake gwadawa kafin a yi aiki da ita.