Rabin Maki a Jarrabawar Kwamfuta: Matsalar Ƙugiya da Karin Harshe

Malamin da ke duba takardar jarrabawa da jan biro yana da damar da na'ura ba ta da ita. Idan ɗalibi ya kama hanya amma bai kai ƙarshe ba, malam kan ba shi rabin maki. Kwamfuta kuwa, muddin ba a tsara mata wani abu ba, "daidai" da "kuskure" kaɗai ta sani. Haka jarrabawar JAMB take a Nijeriya, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015: a zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu, ko a ci ko a faɗi. Wannan ya wadatar wajen tace ɗimbin masu neman gurbi, amma bai ishi malamin ilimin harsuna ba. A Nijar, inda ake ba da maki bisa 20 kuma 10 ce iyakar ci, rabin maki na iya raba wanda ya wuce da wanda zai sake zama.

Mu fara da mai sauƙi, wato tambaya mai amsoshi da yawa. A ce an jera ɓ, k, ts, ɗ, sh, g, aka ce ɗalibi ya zaɓi haɗiyau da tunkuɗau, maki 3. Amsa ita ce ɓ, ɗ da ts. Idan aka ce sai an kawo duka ukun, wanda ya san haɗiyau biyu ya manta ts ya zama ɗaya da wanda bai taɓa shiga aji ba. Idan kuma aka ba kowace amsa maki 1 ba tare da ragi ba, mai wayo zai danna duka shida ya kwashe 3. Mafita ita ce a ba da 1 ga kowace daidai, a cire 1 ga kowace kuskure, kada jimla ta gaza sifili. Manhajar Moodle tana ba da damar yin haka. Tun 1982 Geoff Masters, masanin auna ilimi ɗan Ostareliya, ya fitar da tsarin lissafi da ke ɗaukar amsa a matsayin matakai, kowane mataki da nasa nauyin.

Inda gizo ke saƙa shi ne tambayar da ɗalibi zai rubuta amsa da kansa. Mu ƙaddara malamin makaranta ne a Assamakka, bakin iyakar Aljeriya, kimanin kilomita 200 daga Arlit, yana karatu daga nesa da wayar hannu ko da kwamfuta mai allon rubutun Faransanci, wanda babu ƙ, ɗ, ɓ a kansa. An tambaye shi jam'in "ƙasa", ya rubuta "kasashe". Na'ura za ta ba shi sifili. Shin ya cancanta? A ganina sai an duba abin da tambayar take aunawa. Idan ƙirar kalma ce, ya nuna ya san yadda ake gina jam'in, don haka kashi uku cikin huɗu bai yi yawa ba. Idan darasin ƙa'idojin rubutu ne, sifilin halal ne, domin ƙugiya ce ta raba "baƙi" da "baki", ta raba "ƙafa" da "kafa". Amma ko a nan wajibi ne a sanya maɓallan haruffa masu ƙugiya a shafin jarrabawar, in ba haka ba wayarsa aka auna, ba iliminsa ba.

Akwai kuma amsoshin da ba rabin maki ya kamace su ba, cikakke ne haƙƙinsu, kuma nan ne aka fi zaluntar ɗalibai. Jam'in "ƙafa" yana zuwa "ƙafafu" ko "ƙafafuwa". Rubutun Nijar yana amfani da ƴ inda na Nijeriya ke sa 'y, saboda haka "ƴaƴa" da "'ya'ya" kalma ɗaya ce. (Ko alamar hamzar kanta, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya haruffa biyu ne daban a wurin kwamfuta.) Dole malami ya shigar da kowace siga da hannunsa kafin ranar jarrabawa.

Karin harshe ya fi wuyar yanke hukunci. Wanda ya tashi da Hausar yamma zai iya rubuta "tahiya" ko "hwari" a madadin "tafiya" da "fari". Idan tambaya ta ce a amsa da daidaitacciyar Hausa, a rage masa kaɗan. Idan ba ta faɗa ba, laifin mai tambaya ne, kuma bai dace sashen da ke koyar da cewa babu karin da ya fi wani ya bar na'ura ta hukunta ɗalibi a kan nasa ba.

Bayan an gama jarrabawa, malami ya buɗe jerin amsoshin da na'ura ta ba sifili ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Duk sigar da ya ga tana da hujja, ya ƙara ta cikin amsoshin da aka yarda da su, ya umarci manhajar ta sake lissafi ga ajin baki ɗaya, ba ga wanda ya kawo ƙorafi kaɗai ba.