Me Ya Sa Magani Ke Kayar da Majinyaci a Asibiti?

Tsayuwa a kan ƙafa biyu aiki ne da jiki ke yi ba tare da mutum ya lura ba. Idanu da kunne na ciki da jijiyoyin ƙafafu suna aika saƙo zuwa ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya, ita kuwa ta umarci tsokoki su daidaita jiki. Duk maganin da ya taɓa wannan tsari yana iya kayar da mai shan sa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sakamakon faɗuwa, kuma abin ya fi shafar waɗanda suka haura shekara 60.

Lokacin Tashi daga Gado

Da zarar mutum ya miƙe daga kwance, jini kimanin rabin lita ko fiye yakan gangara zuwa ciki da ƙafafu. Nan take wasu ƙwayoyin ji da ke jijiyar wuya kan gane raguwar, sai zuciya ta ƙara bugu, hanyoyin jini su tsuke. Magungunan hawan jini kuwa aikinsu shi ne sassauta waɗannan hanyoyi ko rage bugun zuciya. Don haka gyaran yakan makara, jini ya gaza isa ƙwaƙwalwa, gani ya dushe, jiri ya kwashi majinyaci. Likitoci kan tabbatar da matsalar idan awon jini na sama ya sauka da 20, ko na ƙasa da 10, cikin minti 3 da tsayuwa.

Maganin sa fitsari, irin su Lasix, haɗarinsa biyu ne: yana rage ruwan jiki, sa'an nan yana tilasta wa majinyaci gaggawar zuwa bayi, wani lokaci cikin duhu.

Magungunan da ke Taɓa Ƙwaƙwalwa da Kunne

Diyazifam, wanda aka fi sani da Valium, yana ƙarfafa wani sinadari mai suna GABA, wanda ke rage saurin saƙo tsakanin jijiyoyi. Barci yakan samu, amma in ƙafa ta yi tuntuɓe, hannu ba ya saurin kama ƙarfen gado. Hantar tsoho ba ta saurin sarrafa shi, saboda haka ƙwayar da aka sha da dare tana iya kwana biyu ko fiye a jiki. Mofin da taramadol ma suna sa magagi. Allurar jentamaisin kuwa tana iya lalata ƙwayoyin kunne na ciki, yayin da insulin, in ya yi yawa, kan zubar da sukarin jini har ƙafafu su yi sanyi. Haɗarin yakan ƙaru ga mai shan magani iri 5 ko fiye.

Kammalawa

Wannan ba dalili ba ne na barin magani, domin dainawa kwatsam na da nasa haɗarin. Likita ne ke da ikon ragewa ko canzawa. Abin da ya rataya a wuyan mai jinya shi ne ya faɗa wa likita dukkan abin da majinyaci ke sha, har da na gargajiya, ya kuma zaunar da shi a bakin gado na minti ɗaya ko biyu kafin ya miƙe. Karayar ƙugu ga tsoho tana iya zama kwanciyar da ba tashi.