Kafin a sauke giyar Biboot, a duba abubuwa uku

Wani dattijo daga Kajuru ya kawo kukansa: Marsandinsa Biboot, wadda ya daɗe yana riƙo, ta fara fizga idan za ta canza giya, musamman a kan hanyar Kachia bayan an wuce Kasuwan Magani. Bakanike ya ce a sauke giyabos a nemo ɗan Kwatano a Panteka.

Baba, don Allah a dakata tukuna. Giyar otomatik ta irin wannan mota, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1984, galibi giya huɗu ce ta gaba, wadda kwamfuta ba ta sarrafa ta. Mai ne da iska da waya suke tafiyar da ita, don haka da su ake fara bincike.

A fara da man giya. A yi tafiya har mota ta yi zafi, a tsaya a wuri mai daidaito, a saka giya a P, a bar inji yana aiki, sannan a zaro geji. Masu dubawa inji a kashe suna yaudarar kansu ne. A goga man a farar takarda, a kalla, a shinshina. Lafiyayyen mai ja ne, garau. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, farantan kuloci na ciki sun ci wuta. Idan kuwa ya yi kama da madarar da aka ɗiga wa jan launi, ruwa ne ya shiga, galibi daga lagireto, domin ta cikinsa man ke bi ya huce. Wannan ba ya jiran gobe, ruwa yana ɓare fatar kuloci. Ga wanda ke ratsa rafi da damina, a riƙa dubawa a kai a kai. Mai kaɗan yana sa inji ya yi ta ƙugi mota ba ta ja, mai da yawa kuma kumfa yake yi. Dexron II ko III take sha. Raina yana ɓaci idan na ga an ɗura mata baƙin man giya mai kauri na motar hannu, wai ai duk mai ne.

Amma fizgar da ka ambata, Baba, na fi zargin iska. Akwai wani siririn tiyo da ya taso daga inji zuwa wata 'yar na'ura a gefen giyabos, wadda makanikai ke kira modileta. Ita ke gaya wa giya nauyin da inji ke ɗauka. Zafi da shekaru suna busar da robar tiyon ta tsage, sai giya ta ɗauka kullum an take totur har ƙasa, ta riƙa shiga da duka. Tiyon da bai kai kuɗin buhun gawayi ba ya sha jawo a sauke giya mai lafiya. Idan kuma robar cikin modiletar ce ta huje, inji zai riƙa zuƙar man giya: mai na raguwa, babu ɗigo a ƙasa, salansa na fitar da farin hayaƙi.

Sai wayar da ta haɗa totur da giya. Idan ta yi tauri, giya ta makara. Idan ta saki, ta yi gaggawar canzawa, mota ta rasa ƙarfi a hawa. Saiti kawai take so. A taɓa maɓallin da ke ƙarƙashin totur ma, yakan maƙale.

Yaushe za a yarda a buɗe? Idan an sauke kaskon ƙasa an tarar da ɓurɓushin ƙarfe, ko ribas yana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ya kama alhali mai ya cika kuma an sa sabuwar filta. A nan ma ka tsaya a wanke tiyon lagireto kafin a ɗora wata giyar, kar dattin tsohuwa ya kashe sabuwa. Idan za a kai ta Kaduna, a ɗora ta a kan babbar mota, ko a kwance furofela kafin a ja, domin inji a kashe babban famfon mai ba ya juyawa.