Yadda Ake Haɗa Zomo da Abokin Zama

Zomo ba ya son kaɗaici, amma kuma ba ya ƙaunar baƙo a ɗakinsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a dawo daga kasuwar Anka da sabon zomo a kwali, a jefa shi akurkin tsohon. Gari na wayewa sai ka tarar gashi ya watsu ko'ina, kunne a yage.

Fara da zaɓe. Maza biyu balagaggu faɗa ne kawai, har cizon maraina. Mata biyu da suka tashi tare sun fi sauƙi. Namiji da mace kan shirya da wuri, sai dai cikin zomo kwana 31 ne, kuma macen tana iya ɗaukar wani washegarin haihuwa. In ba kiwo kake nufi ba, likitan dabbobi ya yi wa namijin fiɗiya, ka jira kamar mako shida.

Sabon ya zauna shi kaɗai mako biyu. Duba cikin kunnensa ko da ɓawon ƙazuwa, hancinsa ko yana yoyo, kashinsa ko ya saki.

Daga nan ka jera akurkin biyu, ka bar tazarar tafin hannu don su shinshini juna ba tare da cizo ba. Kullum ka musanya musu ciyawar da suke kwana a kai.

Ranar haɗawa, da sassafe kafin rana ta yi zafi, kai su inda babu wanda ya taɓa zama. Zuba harawa wuri biyu, ka tsaya a kansu minti goma. Hawan juna da ɗan kora ba komai ba ne, sanin babba ake yi. Amma in suka dunƙule suna birgima, raba su da faifai, kada ka sa hannu. Gobe ka sake, jibi ka ƙara lokaci. Ranar da ka ga ɗaya na lasar goshin ɗaya, an shirya.

Ku mutanen Sunke, akwai abin da ya shafe ku. Garinku na cikin ƙauyukan Anka da Bukkuyum da gubar dalma ta afka wa a 2010, zomo kuwa mai tono ne. Kada a haɗa su inda aka taɓa niƙa dutsen zinariya, don daga nan gubar ta fito. Ɗaga akurki bisa ƙafafu, a shimfiɗa tabarma wurin haɗawa, yaron da ya taɓa su kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.