Dabbobin Gida da Buƙatun Ɗan Adam: Nazari Daga Ƙasar Mashi

Gabatarwa

Garin Mashi yana arewacin Jihar Katsina, a kan hanyar da ta tashi daga birnin Katsina zuwa Daura, ƙasarsa kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Yanki ne na jigawa, inda damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, ana noman gero da dawa da wake da gyaɗa. A irin wannan wuri da wuya a shiga gidan manomi ba a tarar da turke ba, ko na akuya, ko na tunkiya, ko na bijiman huɗa. Duk ranar kasuwa, a Mashi ko a Mai'aduwa ta ƙasar Daura, kara kan cika da dabbobin da aka koro daga ƙauyuka da kuma tsallaken iyaka.

Yawan sabo da waɗannan dabbobi ya sa ba kasafai ake tsayawa a tambayi asalinsu ba, balle a binciki yadda jikinsu ke mayar da karan dawa ya zama nono da nama. Sanin wannan kuwa shi ne mabuɗin kyautata kiwo, musamman a watannin bazara, lokacin da makiyayi ya fi tafka hasara.

Asalin dabbobin gida

Duk dabbar da ke turke a yau, kakanninta na daji ne. Binciken masu haƙar kayan tarihi ya nuna cewa an fara mallakar akuya da tunkiya a yankin Gabas ta Tsakiya, wajen ƙasashen Iran da Iraƙi da Turkiyya na yanzu, kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Shanu kuwa sun samo asali daga wani gawurtaccen san daji, wanda na ƙarshensa ya mutu a ƙasar Folan a 1627. Shanu masu tozo, irin waɗanda aka sani a ƙasar Hausa, tushensu yana kwarin kogin Indus, inda Pakistan take a yau, daga baya suka shigo Afirka suka gauraya da shanun da suka tarar. Zane-zanen da mutanen da suka bari a jikin duwatsun Sahara, har da na Azbin, suna nuna garkunan shanu a wuraren da yanzu babu komai sai rairayi, alamar cewa a da can hamadar makiyaya ce mai ciyawa da ruwa.

Afirka ma ta ba da nata kason. A arewa maso gabashin nahiyar aka mallaki jaki, zabo kuma ɗan Afirka ta Yamma ne. Kaza ta fito daga dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, raƙumi mai tozo ɗaya kuwa daga tsibirin Larabawa.

Ba kowace dabba ce ke yarda a mallake ta ba. Waɗanda suka zauna hannun ɗan Adam suna da wasu halaye iri ɗaya: suna rayuwa cikin garke suna bin jagora, suna hayayyafa ko da a tsare, suna girma da wuri, abincinsu kuma ba ya wuyar samu. Rashin waɗannan halaye ne ya sa barewa ta ci gaba da zama a dawa.

Ire-iren da ake kiwo a yankin

A ɓangaren shanu akwai Bunaji, farare masu baƙin kunne, waɗanda suka fi kowane iri yawa a Nijeriya. Akwai Rahaji, jajaye masu dogayen ƙahoni da jimirin tafiya, sai Bokolo na ƙasar Sakkwato masu gajeren ƙaho da cikar jiki, da kuma Azawak da ke shigowa daga Nijar, waɗanda suka yi suna wajen ba da nono. A tumaki akwai 'Yankasa, da Uda mai launi biyu, gaba baƙi ko ja baya fari, da Balami wanda masu kiwon layya ke so saboda girmansa.

Jar akuya, wadda ake dangantawa da Sakkwato da Maraɗi, ta cancanci a ware ta. Tana yawan haifar tagwaye, fatarta kuma na cikin mafi kyau a duniya. Shekaru aru-aru fatake na ƙetara Sahara da jemammun fatunta zuwa Arewacin Afirka, daga can su isa Turai, inda aka san su da sunan fatar Maroko. A 1963 aka buɗe wata cibiya a Maraɗi domin adana wannan iri da yaɗa shi.

Ƙidayar dabbobin da aka gudanar a Nijeriya a 1990 ta ƙiyasta shanu miliyan 13.9, tumaki miliyan 22.1, awaki kuma miliyan 34.5, mafi yawansu a Arewa.

Sirrin cikin mai tuƙa

Mutum ba ya iya narkar da ciyawa, domin jikinsa ba shi da sinadarin da ke warware zaren da ganye da kara suka ƙunsa. Saniya da tunkiya da akuya su ma ba su da shi, amma cikinsu ya kasu zaure huɗu. Zaure na farko, wato tumbi, shi ne mafi girma, na babbar saniya kan ɗauki lita 100 ko fiye. A cikinsa akwai biliyoyin ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke ruɓar da ciyawar, su fitar da wasu sinadarai masu tsami waɗanda jini ke tsotsa, dabbar ta sami ƙarfi. Idan ta kwanta tana tuƙa, maido da abincin take yi baki ta sake niƙa shi, don waɗannan halittu su sami saukin aiki. Daga bisani su kansu halittun sukan gangara zaure na huɗu, a narkar da su, su zama furotin, wato abincin gina jiki.

Ma'anar wannan ita ce, mai kiwo ƙananan halittun tumbi yake ciyarwa, su kuma su ciyar da dabbar. Ta wannan hanya abin da mutum ba ya ci, kamar kara da harawa da ƙaiƙayi da dusa, ke komawa abin da yake ci.

Amfanin da ɗan Adam ke samu

Na farko shi ne abinci. Nono na ɗauke da furotin da kuma kalshiyam mai gina ƙashi. Idan aka dama fura da nono, abin da gero ya gaza bayarwa nonon kan cike shi. Nama da hanta na ba da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, ƙwai kuma na cikin mafi sauƙin abincin gina jiki ga yara.

Na biyu shi ne aiki. A ƙarshen shekarun 1920 hukumar aikin gona ta fara yaɗa garmar shanu a Arewacin Nijeriya, yau ga shi ta zama kayan aikin yau da kullum a ƙasar Katsina da Daura. A inda damina ke da gajarta, manomin da ya gama huɗa a kan kari ya fi wanda ya makara samun amfani. Bijiman da suka yi huɗa su ne kuma ke jan amalanke, su kai taki gona, su kwaso amfani. Jaki na ɗaukar ruwa da itace, raƙumi na dakon kaya masu nauyi, doki kuma ya zama adon sarauta a hawan Salla da Sallar Gani ta Daura.

Na uku shi ne taki. Ƙasar jigawa ba ta riƙe ruwa, kuma ruwan sama kan wanke abincin shuka ya yi ƙasa da shi. Kashin dabbobi na mayar wa ƙasa naitirojin da fosfaras da fotashiyam, ya kuma ƙara mata ruɓaɓɓen abu mai riƙe danshi, wanda takin zamani ba ya bayarwa. Wannan ne tushen tsohuwar al'adar da manomi ke gayyatar makiyayi ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara, su bar taki.

Na huɗu shi ne ajiyar dukiya. Akuya da tunkiya na ɗaukar ciki wata biyar, saniya wata tara, kaza kuma na ƙyanƙyasa cikin kwana 21. Saboda haka ƙananan dabbobi sun zama asusun matan aure: idan rashin lafiya ta taso, ko kuɗin makaranta, ko kayan ɗakin 'ya, akuya ake kaiwa kasuwa. Ga kuma ragon suna da na layya, ga fata da ƙirgi da ke riƙe da majema da dukawa.

Matsalar bazara

Daga watan Maris zuwa saukar ruwa a Yuni, ciyawa kan ƙare, wadda ta rage kuma ta bushe ƙarmas. Masana sun gano cewa halittun tumbi na buƙatar abincin da furotin ɗinsa ya kai kimanin kashi 7 cikin ɗari kafin su yi aiki sosai. Busasshen kara kuwa ba kasafai yake wuce kashi 4 ba. Wannan ya sa ake ganin dabba da cikakken tumbi amma tana ramewa: karan na nan a ciki, masu narkar da shi ne suka raunana. Sakamakon haka nono kan ragu, ɗaukar ciki ya yi jinkiri, bijimai kuma su shiga damina ba ƙarfi, daidai lokacin da ake buƙatarsu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Harawar wake da ta gyaɗa, waɗanda furotin ɗinsu kan haura kashi 10 cikin ɗari, su ne maganin wannan giɓi. Amfanin harawa yana ga ganyenta, don haka ya kamata a tuge ta tun ganyen bai kakkaɓe ba, a adana ta inda rana da ruwa da gara ba za su ci ta ba. Idan aka daddatse kara aka haɗa da 'yar harawa da dusa, dabbar kan ci da yawa, ɓarna kuma ta ragu. Bijimi mai nauyin kilo 250 na buƙatar busasshen abinci kimanin kilo 6 a yini, da wadataccen ruwa, da ɗan gishiri ko kanwa. Itacen gawo ma babban taimako ne, domin da rani yake fitar da ganye da 'ya'ya, da damina kuma ya zubar da ganyen, ba ya yi wa shuka inuwa. Wanda ya sare gawo a gonarsa ya rage wa kansa taki da abincin dabbobi a lokaci guda.

Yunwar bazara ce kuma ke sa awaki da tumakin da aka saki cikin gari cin leda a bola. Halittun tumbi ba sa iya narkar da leda, sai ta dunƙule ta cushe wurin abinci, dabbar ta yi ta ramewa har ta mutu ko a yanka ta a hasara.

Cututtuka da rigakafi

Tarihi ya nuna irin ɓarnar da annoba ke yi. A farkon shekarun 1890 cutar bushiya ta ratsa Afirka ta hallaka mafi yawan shanun ƙasashe da dama, har da na ƙasar Hausa, ta kuma sake ɓulla a Nijeriya a 1983. Allurar rigakafi da haɗin kan ƙasashe ne suka kawo ƙarshenta, a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Akwai wata 'yar'uwarta da ke kama awaki da tumaki, mai zuwa da zazzaɓi da majina da zawo, wadda aka fara ganowa a ƙasar Kwaddebuwa a 1942. Ita ma tana da rigakafi, hukumomin duniya kuma sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan kawar da ita. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Bom, kusa da Jos, na sarrafa alluran rigakafin cututtuka da dama, ita kuma Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, na aikin inganta iri da abinci.

Wasu cututtukan, kamar tarin fuka da baƙƙale, na iya kama mutum ta hanyar ɗanyen nono, tafasa shi kuwa na kashe ƙwayoyin. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, ba a feɗe ta, domin tana iya zama cutar saifa, sai a kira malamin dabbobi. Dabbar da aka sayo daga kasuwa kuma a keɓe ta na mako biyu kafin a haɗa ta da garke. Ɗan da aka haifa a bar shi ya sha dakashi a ranar farko, domin daga nan yake samun kariyar jiki.

Kammalawa

Dangantakar gona da turke ba da gaskiya ce: gona ta ciyar da dabba, dabba ta ciyar da gona da mai gona. A yau ƙaruwar jama'a ta sa gonaki sun ci burtali da makiyaya, satar shanu ta ɗaiɗaita garkuna a sassan Jihar Katsina, cinikin fatar jaki zuwa ƙasar Sin kuma ya rage yawan jakuna, har Tarayyar Afirka ta haramta yanka su domin fata a 2024. A wannan shekara ce kuma gwamnatin Nijeriya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo. Waɗannan al'amura ne da ke wuyan hukuma. Abin da ke hannun manomin Mashi shi ne ya tanadi harawa tun kaka, ya bar gawo ya tsaya, ya kai dabbobinsa rigakafi, ya kuma daidaita yawansu da abincin da ya ajiye, domin awaki biyar ƙosassu sun fi goma ramammu kawo kuɗi a kara.