Gwajin sankarar hanji: shawarwari ga magidantan Allakaye

Sankarar babban hanji da dubura takan fara ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda kan ɗauki kusan shekara 10 kafin ya rikiɗe ya zama cuta. A wannan tsakanin ake son kama shi, tun mutum yana jin garau. Hanyoyin gwaji sun fi ɗaya, kuma mai jikin yana da ta cewa.

1. Jini a bayan gida ba abin jira ba ne. A Adar, kowane jini basir muke ce masa ko ɗankanoma, sai a nufi mai sassaƙe ranar kasuwa. Sau da yawa basir ɗin ne, ko atuni. Amma idan jinin ya ƙi tsayawa, ko zawo da taurin ciki suna karɓa-karɓa makonni, ga rama ga kasala, to an wuce maganar zaɓi. A je likitar gari, a karɓi takardar turawa zuwa Buza, Madawa ko Tawa.

2. Mai lafiya ya duba shekarunsa. Faransa tana fara gwaji daga shekara 50 zuwa 74, Amurka kuwa ta sauko zuwa 45 a 2021. Wanda cutar ta kama uwarsa, ubansa ko ɗan'uwansa ciki ɗaya, ya fara tun yana 40, ko ma kafin nan. Don haka dattawa su daina ɓoye wa 'ya'ya ciwon da ya yi ajalin kaka.

3. Gwajin bayan gida shi ne mai sauƙi. Ana ɗibar ɗan kaɗan da tsinken roba, a rufe a kwalba, a kai ɗakin gwaji don neman jinin da ido ba ya gani. Ba tuɓewa, ba kwana asibiti. Sai dai ana maimaita shi duk shekara ɗaya ko biyu, kuma zafin rana yana lalata samfurin, kada ya wuni a aljihu kan kabukabu.

4. Leƙa hanji da na'ura ya fi tabbas, ya fi wahala. Jajibirin ranar ba tuwo ba nama, sai ruwa da maganin wanke ciki, mutum ya yini yana zaryar ban-ɗaki. Washegari a ba shi maganin barci, a zura siririn bututu mai kyamara ta dubura. Idan an ga tsiro, nan take a cire shi; idan hanji lafiya, sai bayan shekara 10. Wannan aikin manyan asibitoci ne irin na Yamai, saboda haka a tambaya kafin a kama hanya, a kuma tafi da ɗan rakiya.

5. Wanda ya zaɓi gwajin bayan gida ya sani bai rabu da leƙa hanji ba. In an ga jini, dole a leƙa. Ganin jini ba hukuncin sankara ba ne, amma sakamakon da aka naɗe aka jefa cikin akwati asarar kuɗi ce kawai. A ganina, gara mutum ya ɗauki gwajin da zai iya kai wa ƙarshe da ya ƙwallafa rai kan wanda ba zai taɓa zuwa ba.

6. Kunya gaskiya ce, a faɗe ta. Mace tana iya neman ma'aikaciya mace, ko 'yarta ta tsaya kusa. Maigida kuma kada ya yanke wa uwargida shawara ita tana waje.

7. A zaɓi lokaci: bayan kaka ko bayan cinikin albasa, ba tsakiyar damina ba, ba cikin azumi ba. 'Yan bida da ke zuwa Abijan ko Kano su tambayi gwajin a can kafin su juyo gida.